Guntun Kunne a Zanen Madam

Rannan jikata ta riƙe min hannu muka bi ta gindin dutse, inda karofin Gure yake a da, sai na tarar an shafe wurin tas, an kafa rumfar kwano ana sayar da esansi, man mota, a kwalabe. Na tsaya ina laluben bakin rijiyar rini ko guda da sandata, babu. Na ce da yarinyar nan ne Abbana ya ƙare ƙarfinsa, ta dube ni ta ce, "Kaka, ai rini a ƙunshi ake sayensa a kanti, a zuba a ruwan zafi." Na ja hannunta muka wuce. Ku yaran yanzu kun samu duniya a dafe. Launi a kanti, hoto kuma a kowane bango: na amarya, na soja, na ɗan lakwal da ya ci jarrabawa. Mutum ya sa rigarsa ta salla ya je da ƙafarsa a ɗauki surarsa, yana washe baki. A zamaninmu wa zai yarda? Tsofaffinmu cewa suke kurwar mutum tana bin surarsa duk inda aka kai ta, in aka rataye surar an rataye mai ita. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, ni dai na ga ƙato ya kwanta ciwo saboda ƙyallen da bai kai tafin hannu biyu ba, kuma ni na ɗinka ƙyallen.

Lokacin ina da ƙuruciyata, auren farina ya mutu na dawo gida. Safiyar Gure ta wancan zamani da kunne ake saninta. Begilar bariki ce take fara tashinmu, sai kukan jakunan masu kanwa da suka taso daga kwari, sai muciya ta fara motsa rijiyoyin rini, cuɓul, cuɓul, can gefe kuma mabuga suna ta tim-tim a kan turkudi. Ni nake daka ganyen baba na yin shuni in dunƙula in shanya, ni nake tace ruwan toka, ni nake kai wa Abba fura in rana ta take. Hannunsa shuɗi ne har gwiwa, ko sabulun wanne gari aka kawo ba ya fita. Mutum ne mai ƙarancin magana, amma in ya tsoma yatsa a rijiya ya ɗanɗana, sai ya ce, "Wannan tana jin yunwa," ko ya ce, "Wannan ta gaji, ku bar ta ta huta." Daga Kelle har Gidigir ana aiko masa zane, kuma buzayen Alakos ba sa yarda kowa ya rina musu rawani sai shi.

Rijiyar da ke maƙwabtaka da tasa ta wani ce da ba zan faɗi sunansa ba, don bakina ya fi ƙarfin sunan. Raƙumi ya taɓa cizon kunnensa na hagu ya cire rabi, shi ya sa a bayan idonsa ake ce masa Guntun Kunne. Ni Baffa nake ce masa, don abokin Abba ne tun suna yara. Kullum a akushi ɗaya suke cin tuwon da Inna ta tuƙa, shi ke fara sa hannu, shi ke suɗe miya. Rininsa ba ya kama zane yadda ya kamata, wanki kaɗan sai ya koɗe, kuma in mai zane ya zo da faɗa Abba ne ke karɓa ya sake tsomawa a tasa rijiyar don a rufa masa asiri. Ashe duk wannan yana taruwa a cikinsa yana ruɓewa, mu ba mu sani ba.

A bayan likitar bariki, inda ake ba da magani, akwai wani mutumin Dahome mai yin allura, muna ce masa Lokotoro, matarsa kuma Madam. Kirista ne. Su kaɗan ne a garin, da su da wasu sojoji daga ƙasashen kudu, kuma limaminsu Bature sai a daɗe kafin ya zo daga nesa ya kwana biyu ya wuce. Wani ɗan ɗaki suka keɓe a gidansu suna taruwa ran Lahadi. Wata rana Madam ta zo karofi da farin ƙyalle a ka, Hausarta irin ta kasuwa, ta gaida Abba da wushe kamar yadda ta ji Mangawa suna yi, ta ce tana son a rina mata kala uku: kore, ja, da wani launi da ta rasa sunansa, sai ta tsinko furen tumfafiya ta nuna masa cikinsa.

Abba ya ce, "Shunayya ke nan. Madam, wannan na biki ne ko na makoki?"

Ta yi dariya ta ce, "Malam, na ɗakin addu'armu ne. Yawancin mutanenmu ba su iya karatu ba, limami kuma ba ya nan. In suka shigo suka ga kore a bango, sun san kwanakin zaman lafiya ne. In suka ga wannan, sun san lokacin jira ne ko na azumi, kowa ya yi hattara da zuciyarsa. Ja na wahala ne, fari na salla."

Abba ya jinjina kai ya ce, "To, ashe bango ne ladaninku."

Na san shi, abin da ya ja shi shunayyar nan ce, don ba a taɓa neman ta a wurinsa ba. Kore bai ba shi wuya ba, saiwar rawaya ya dafa ya fara, sannan ya bi da shuni. Shunayya kuwa sai da ya ɓata ƙyallaye da dama yana gwaji. Ya dafa karan dafi da kanwa zanen ya yi ja, sannan ya nemi rijiyar da ta gaji ya tsoma ya fizge da sauri kafin shuni ya danne jan. Ranar da ta fito yadda yake so ya shanya ta a kan ƙaya ya kira ni in gani, yana murna kamar an yi masa haihuwa. Shi da kansa ya kai wa Madam, Guntun Kunne ya ce zai raka shi, har shi ya ɗauki ƙunshin. Abba ya gaya mana yadda aka yi: ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakin ya warware zanen don ta duba, launin ya ɗan shafi yatsunsa, ta ɗauko buta ta zuba masa ruwa ya wanke, ya shafa sauran a fuska saboda zafi. Abin da ya faru ke nan, ba ƙari. Shi ma ɗan rakiyar ya sha ruwan randar Madam har da neman ƙari.

Ran Juma'a da aka idar da salla, mutane suna neman takalmansu, sai munafukin nan ya tsaya a ƙofar masallaci ya ɗaga murya. Ya ce abin ya hana shi barci, ba zai iya ɓoye wa Musulmi ba. Ya ce da idonsa ya ga amininsa ya durƙusa gaban gunkin Nasara, matar Lokotoro ta zuba masa ruwa a ka, irin wankan da suke yi wa wanda ya shiga addininsu. Ya ce zanen da ya rina rigar gunki ce. Sannan ya yanke hukunci da bakinsa, kamar shi ne alƙali: "Duk wanda wani abu nasa ya shiga ɗakin nan ya zauna, ya zama nasu. Ba a cin abinci da shi, ba a tsayawa sahu da shi." Har da hawaye, wallahi. Waɗanda suke wurin sun ce har da hawaye.

Kai, gari ya ɗauka. Kafin la'asar mata sun aiko a kwashe zannuwansu daga karofi, wasu ma da ɗanyen rini. Abba ya je wurin Goni, limamin gari, ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa. Goni mutumin kirki ne amma matsoraci, ya ce a yi haƙuri, maganar za ta wuce da kanta. Wasu kuma suka ce rantsuwar wanda aka yi wa wankan Nasara ba rantsuwa ba ce. In ya miƙa hannu a gaisa sai mutum ya shiga gyaran rawani. In ya tsaya a sahu sai na dama ya matsa, na hagu ya matsa. Butarsa ta alwala da ke ƙofar masallaci wani ya sa ƙafa ya ture ta cikin kwata. Lokotoro ya so ya kai ƙara wurin kumandan, Baturen mulki, Abba ya hana, ya ce in gardin bariki ya shigo maganar an tabbatar ke nan shi ɗan Nasara ne. Ya daina zuwa karofi. Yakan zauna a zaure da akushi a gabansa, ya yi ta kallon gefen da abokinsa ya saba sa hannu, har tuwon ya sandare Inna ta ɗauke. Bai yi zazzaɓi ba, bai yi tari ba, haka ya yi ta narkewa har damina ta sauka, ya cika da hantsi yana salati.

Ta kafar danga na leƙa lokacin da aka yi masa salla. Mutumin da ya tufatar da rabin ƙasarmu ta Muniyo, waɗanda suka tsaya a kansa ba su cika sahu guda ba. Tun ba a yi sadakar bakwai ba na ji muciya tana motsa rijiyoyin Abba. Guntun Kunne ne, wai tunda mamacin bai bar ɗa namiji babba ba, shi zai tsarkake rijiyoyin ya riƙe. Ina jin ƙarar daga tsakar gida, kowane cuɓul kamar a ƙirjina ake yi. Inna ta ce mu bar wa Allah. Na ce na bar wa Allah, amma ina roƙonsa ya bi ta hannuna.

A cikin matan da suka zo gaisuwa har da Madam. Da ta shigo sauran suka tattara zannuwansu suka koma gefe, ita kuwa ta zauna a ƙasa ta yi kuka na gaske. Da za ta tafi ta ce da ni, "Ƙanwata, saboda zanena aka kashe mahaifinki. Ba ni da abin da zan mayar. Amma in kina son aikin allura, ki zo." Inna ta ce in na je an gama da mu. Na ce, "Inna, wa ya rage da zai gama da mu?" Bayan kaka na fara zuwa.

A wurinta na ga abin da ban taɓa gani ba. A ƙasarsu ana yanka ƙyalle a fitar da surar mutum ko dabba, a ɗora a kan babban zane a bi gefen da ɗinki, sai labari ya fito ba tare da an rubuta komai ba. Ɗakin nasu ba wani abu a ciki: ɗan tebur, gicciyen itace, kyandir, da hoton takarda na Nana Maryamu da jinjiri. Bangon bayan teburin ne yake sauya tufa kamar mutum. Da sanyi ya fara sai ta rataya shunayyar Abba, ba komai a jikinta, ta ce suna jiran haihuwa. Da Nowel, sallar haihuwar, ta zo ta sauke ta sa fari, mai tauraro da jaki da makiyaya, ni na yanka mata tumakin, na yi musu dogayen ƙafafu irin na udawa har sojojin suka yi ta dariya. Bayan nan kore ya hau, mai kifaye da zangarniyar gero, ya daɗe. Ban taɓa ɗinka fuskar Annabi Isa ba, na gaya mata wannan ba na hannuna ba ne, ba ta kuma taɓa matsa min ba. In lokacin salla ya yi ita take shimfiɗa min tabarma a inuwa. Duk ranar da na ga shunayyar nan a bango sai in ji kamar Abba ne a tsaye, amma ban taɓa bari ta ga hawayena ba.

Da zafi ya kunno kai suka shiga azuminsu, karem, shunayya ta sake hawa. Madam ta ce bana tana son sabon zane na ranar Alhamis ta makon ƙarshe, ranar da a faɗarsu Annabi Isa ya ci abincin bankwana da sahabbansa. Mu dai mun san yadda namu malaman suka faɗi ƙarshen labarin, nasu daban ne, ban yi mata musu ba. Tana yankan ƙyalle tana ba ni labari, har ta zo inda ya ce ɗaya daga cikinsu zai ci amanarsa. Na ce wanne? Ta ce, "Wanda yake sa hannu a akushi ɗaya da shi."

Allura ta tsaya a hannuna. Na ce, "Madam, sake faɗa."

Ta sake faɗa. Sannan ta ce ita fa ba ta son ɗinka wannan mutumin, duk lokacin da ta zo kansa hannunta nauyi yake yi. Na ce, "Ba ni shi, Yaya. Ni hannuna ba zai yi nauyi ba."

Ban taɓa yin aiki da daɗin rai irin wannan ba. Na aiki wata maƙwabciya da farin ƙyalle ta kai karofi, Guntun Kunne da kansa ya rina shi a rijiyar Abba, da wannan shuɗin na yanka hannun da ya miƙa cikin akushi, shuɗi har gwiwa. Na yi masa jar hular da ba ya rabuwa da ita, na karkata ta yadda yake karkatawa. Na sa baƙin zare na ja tsagar fuskarsa ɗaya bayan ɗaya, na yi masa ɗan gemun nan mai kama da na bunsuru. Sai na zo kan kunne. Na yanka shi cikakke tukuna, na ɗora, na dube shi, sannan na sa almakashi na datse rabi. Wallahi ƙarar almakashin nan har yau ina jin daɗinta. Madam ta duba ta ce me ya sami kunnen? Na ce almakashi ne ya zarce. Ta ce ba komai, mugu ai ba ya bukatar kyau. Ita ba ta riƙe fuskar mutumin ba, sau ɗaya ta taɓa ganinsa a bayan Abba.

Ran Alhamis da hantsi ta rataya zanen. Zafi ake yi mai tsanani, ta bar ƙofar ɗakin a buɗe, kuma hanyar masu zuwa allura ta gaban ƙofar take bi. Wata tsohuwa mai ciwon ƙafa ce ta fara leƙawa. Ta tsaya, ta ƙara matsowa, sai ta dafa ƙirji ta ce, "La ilaha illallahu! Ga Guntun Kunne a ɗakin Nasara, yana cin tuwo da su!" Kafin azahar babu wanda bai ji ba. Mata da tulu a ka suka karkato hanyar rijiya, mahauta suka bar rumfa, har gardawan bariki suna turereniya. Madam ta ɗauka labarin Annabi Isa ne ya jawo su, tana ta murna tana bayani: wannan shi ne maci amana, wanda ya ci abinci da ubangidansa ya fita ya bashe shi. Mutane suka dubi juna. Wani dattijo ya ce a hankali, "To, ai haka aka yi." Ni ina zaune a gindin bango ina kaɗi, ban ɗaga kai ba.

Guntun Kunne ma ya zo, da la'asar. Mutane suka dare masa. Ya tsaya nesa da ƙofa ya daɗe yana kallo, na ga hannunsa ya tafi kan kunnensa da kansa. Sai ya juya, tafiyar ma kamar ba shi ba. Ai kuwa hukuncin da ya yanke a ƙofar masallaci bai manta hanyar gidansa ba. Na Abba zane ne kawai ya shiga ɗakin, shi kuwa shi ɗin ne ɗungurungum, da hularsa. Washegari a masallaci na dama ya matsa, na hagu ya matsa. Mata suka aika a kwaso zannuwansu. Aka fara cewa na ɗinke kurwarsa a ciki, na sa gashinsa a ƙarƙashin hular. Ban sa komai ba, zare ne da ƙyalle, amma duk wanda ya tambaye ni sai in yi murmushi in ci gaba da kaɗi. Ba a jima ba aka ce ya kwanta, wai yana jin ana soka masa allura a gefen jiki, ko'ina da ko'ina, daidai inda ɗinki ya bi.

Da rana tsaka ya zo zaurenmu yana dogara sanda, ya rame, hular ma ya sauya ta. Ya zauna a inda ya saba zama. Ya ce, "Ɗiyata, ni fa ubanki ne. Ki ji tsoron Allah ki warware ɗinkin nan."

Na ce, "Baffa, ubana yana maƙabarta. Ka san wanda ya kai shi?"

Ya ce sharrin shaiɗan ne. Na ce shaiɗan bai ci tuwon Inna ba. Ya ce zai bar rijiyoyin. Na ce rijiyoyi dama ba nasa ba ne. Na ce, "A ƙofar masallaci ka faɗa, ran Juma'a, da ƙarfi, har da kuka. Ka koma can ka faɗi gaskiya da irin muryar nan. In ka rage ko kalma guda zan ji."

Ya yi. Ba don Allah ya yi ba, don allurar da yake ji a haƙarƙarinsa ya yi, amma ya yi. Ya tsaya ya ce ƙarya ya yi wa amininsa, ruwan wanke hannu ne, shi ma ya sha daga randar. Aka ce Goni ya rufe fuska da rawani. Daga nan Goni ya ja mutane zuwa kabarin Abba suka yi masa addu'a, jama'ar da ta bi shi har ta toshe hanyar kasuwa. Inna ta yi ta kuka tana godiya ga Allah. Ni na tsaya a ƙofar gida ina kallonsu suna dawowa, kowa yana sunkuyar da kai in ya zo daidai ni. Sunan Abba ya wanku, na yarda. Amma ina suke lokacin da yake zaune da akushi a gabansa? Zuciyata ba ta yi sanyi ba ko kaɗan.

Madam ta ji komai daga bakin mijinta. Ta kira ni, lokacin farin zanen sallarsu ta Pak yana bango. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi min sauƙi. Ta ce, "Ƙanwata, kin kawo yaƙinki ɗakin addu'ata, kin sa ni na riƙe miki wuƙa ban sani ba. Wanda muke tunawa a makon nan ya yafe wa waɗanda suka cuce shi." Na ce, "Yaya, shi annabi ne. Ni ɗiyar marini ce." Ta sa allura ta warware surar daga zanen a gabana, zare bayan zare, ta miƙo min ta ce in kai masa ya ƙona ya samu lafiya. Daga ranar ba ta ƙara ba ni almakashinta ba, har aka sauya wa mijinta wurin aiki suka tafi. Rabuwa da ita ta yi min ciwo, mace ce ta gari, ban taɓa cewa ba haka ba.

Amma ƙyallen ban kai masa ba. Haba, a kan me? Na naɗe shi na sa a ƙasan adudu. Duk shekara in zafi ya tsananta, na ji sojojin bariki Kirista sun shiga makon ƙarshe na azuminsu, ran Alhamis sai in fito da shi in maƙala a dangarmu, wajen da ke kallon hanyar karofi, daga hantsi zuwa la'asar. Na sake aure, na haihu, na aurar, ban fasa ba ko sau ɗaya. Mijina ya yi magana ya gaji, malamai suka yi min wa'azi suka gaji. Shi kuwa mutumin ya warke, ya yi tsawon rai, amma a makon nan ba ya fita ko ƙofar gida, kuma har ya tsufa in ya hango ni a hanya sai ya sake lungu.

Da ciwon ajali ya kama shi, babban ɗansa ya zo ya same ni ina tankaɗe. Mutum ne mai ladabi, ba shi da laifin komai. Ya durƙusa ya ce, "Inna, tsoho yana kan gargara. Ya ce a roƙe ki, don girman Allah, ki ba da ƙyallen nan, ki kuma ce kin yafe masa."

Na ajiye rariya na ce, "Ɗana, ƙyalle nawa ne, ni na ɗinka, yana nan inda yake. Yafiya kuma ba a hannuna take ba, ba ni ya yi wa ba. Wanda zai yafe masa yana can bayan gari. Ka ce masa ya kwantar da hankalinsa, gobe war haka suna tare, sai ya roƙe shi da bakinsa."